Yadda Ake Gano Abin da Ke Fige Kaza da Ɓata Ɓawon Ƙwai, da Yadda Ake Gyarawa

Da kaza ta fara figewa, ko ta fara ajiye ƙwai mai laushi kamar leda, abin da aka saba a gidajenmu na Gombe shi ne a aiki yaro ya sayo kafso mai ja da yalo a juye a ruwan sha. Sau da yawa kuɗin a banza yake tafiya, domin kafso ba ya kashe ƙwarƙwata, ba ya ƙara wa kaza kalsiyam, ba ya rage mata zafin bazara. Gashi da ɓawon ƙwai duk daga kwanon abinci ɗaya suke fitowa, kuma kowannensu yana nuna abin da ke damun kazar. Don haka, uwargida, aikin farko shi ne dubawa, magani ya biyo baya.

KAYAN AIKI

Tocila mai haske sosai. Farin ƙyalle. Littafi da biro. Faranti na fasa ƙwai. Ƙaramin sikeli, in babu, ki cika gwangwanin madara da abincin kajin, mai sikeli ya auna miki sau ɗaya, ya zama ma'auninki. Busasshiyar tokar itace da yashi mai laushi. Man basilin da aidin. Laimiston na kaji, wato farfasasshen dutse mai kalsiyam, wanda masu sayar da abincin kaji ke aunawa, ko ɓawon ƙwai da kika tara. Kwando ko keji na keɓe kaza. Maganin ƙwari kuwa kada ki saya tukuna, sai kin ga ƙwaron da idonki.

MATAKI NA 1: ƘIRGA

Ki rubuta abu huɗu: yawan kajin, watanninsu, nawa ne suka fige, da ƙwai nawa kike kwashewa kullum, masu kyau da marasa kyau. Ki yi haka kwana 7. Kaza ɗaya ce ke ɓata ƙwai? Matsalar a jikinta take. Rabin garken ne? Ki nemi dalili a abinci, ruwa, zafi ko cuta.

In kuwa akwai mutuwa, ko murɗewar wuya, ko koren zawo, ko kumburin fuska, kada ki jira kwana bakwai, ki tsallaka zuwa mataki na 7 yau.

MATAKI NA 2: KAMA KAZAR KI DUBA INDA GASHIN YA TAFI

Da magariba ake kamu, bayan sun hau makwanci. Bin kaza da gudu da rana shi kansa yana ɓata ƙwan da ke cikinta. Ki ɗora ƙirjinta a tafin hannu, ƙafafun a tsakanin yatsunki, ki riƙa buɗa gashin da ɗaya hannun har ki ga fata. Kafin komai ki tuna akwai kajin gida da ake ƙyanƙyashe su da wuya ba gashi, da masu murɗaɗɗen gashi. Wannan halitta ce, har ma tana taimaka musu a zafi.

In gashin ya fara zuba daga kai da wuya, ya gangaro ƙirji da baya, ya kai fiffike da jela, fatar kuma tsaf, ga sabbin tsirai kamar tsinken tsintsiya suna fitowa, ga cikakken gashi warwatse a akurki, to sauyin gashi take yi. Kaza takan yi shi bayan ta daɗe tana ƙwai, yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, kuma ƙwai kan tsaya ko ya ragu ƙwarai. Ba ciwo ba ne. Kada ki ja tsiran nan, akwai jini a cikinsu. Amma sagarar da ba ta wuce wata takwas ko tara ba ta fara irin wannan zubar, ki binciki baya: ko ta wuni ba ruwa, ko abinci ya yanke kwana biyu, ko an sauya mata gida. Ƙishirwar wuni ɗaya a watan Afirilu ta isa ta jefa kaza cikin zubar gashi.

In gadon baya da ƙeya ne suka kwaile, gashin a kakkarye, aikin zakara ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. In kina da uku a kan kaji takwas, ki rage biyu.

In gindin jela ne da kewayen dubura, fatar ja, wani lokaci da jini, kuma ba kya ganin gashin a ƙasa, to figar juna suke yi suna haɗiyewa. Cunkoso ke kawo wannan, ko ƙarancin furotin da gishiri, ko zaman banza a fili ba abin tono. Ki tsaya minti goma daga nesa za ki ga mai laifin, sau da yawa ita ce gashinta ke sheƙi. Wadda aka ji wa rauni ki wanke wurin da ruwan gishiri, ki shafa aidin, ki keɓe ta har ya warke, don kaza in ta ga ja ba ta bari.

In ƙirji da ciki ne kawai, kazar kuma ta lafe a gurbi tana kumbura in an taɓa ta, kwanci take so. Ita ta fige kanta don ɗumin jikinta ya isa ƙwan.

Abu ɗaya da ke sa mutane zaton gyara bai yi ba: gashin da aka tumɓuke da saiwarsa yana fitowa cikin mako 4 zuwa 6, amma wanda ya karye ya bar kututture a fata zai zauna a haka har sauyin gashi na gaba.

MATAKI NA 3: NEMAN ƘWARI DA KASHE SU

Ki haska ƙarƙashin fiffike da ƙasan dubura. Ƙwarƙwatar kaji launin kara ce, tana gudu in haske ya same ta, ƙwayayenta kuma suna manne a gindin gashi kamar busasshen kunu. Ki dubi zanko da kewayen ido: baƙaƙen ɗigo da suka kafe ba sa motsi ƙuma ce. Ki dubi ƙafa, in saɓar ta ɗaga ta yi kaushi akwai ƙwaro a ƙarƙashi.

Masu wuyar sha'ani su ne waɗanda ba sa wuni a jikin kaza. Kaskar kaji da wani jan ƙwaro ƙarami kamar ƙwayar yashi suna ɓuya a tsagar bangon akurki da mahaɗar katako, sai dare su fito su sha jini. Bayan sallar isha ki goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar makwanci. In ya fito da zanen jini, suna nan. Wata alamar ita ce kaji su ƙi shiga akurki su koma kan katanga. Irin kajin nan zankonsu kan yi fari, ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi rauni.

Ga yadda ake yi. Ki kwashe shimfiɗar akurkin gaba ɗaya ki ƙone. Ki kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗar katako da akwatunan ƙwai, ki shanya su a rana. Ki yaɓe duk wata tsaga da laka ko siminti. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to kaska ma haka take, kuma takan yi watanni a ciki ba ta ci komai ba. Sannan ki je wurin likitan dabbobi ki gaya masa abin da kika gani, kuma ki faɗa masa kajin ƙwai ne, ya ba ki hoda ko maganin feshi da ya dace, ya gaya miki ko akwai kwanakin da ba za a ci ƙwan ba. Ki maimaita bayan kwana 7 zuwa 10. Nan mafi yawa ke faɗuwa: zagayen farko manya yake kashewa, ƙwayayen kuma su ƙyanƙyashe cikin mako guda.

Ƙumar fuska basilin ke maganinta. Ki lafta shi a kanta ba tare da ya shiga ido ba, kwana uku a jere. Haka ƙafa mai kaushi, sai dai ita takan ɗauki makonni.

Kada ki kuskura ki shafa wa kaza fiya-fiya, kalanzir ko baƙin mai. Suna ƙona fata, suna kashe kaza, kuma ƙwan nan yaranki ne za su ci.

In babu halin sayen magani yanzu, ki yi musu wurin birgima: yashi kashi biyu, toka kashi ɗaya, a tsohuwar taya ko daro, a ƙarƙashin rumfa. Ki zuba busasshen ganyen maina a gurbin ƙwai. Wannan yana rage ƙwarƙwata sosai, amma ba ya isa ga kaskar cikin bango. Tokar ta zauna a bushe, jiƙaƙƙiya tana cin fata.

MATAKI NA 4: KARANTA ƘWAN

Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 a cikin kaza, kusan awa 20 daga ciki a mahaifa yake yi ana gina masa ɓawo, galibi da dare. Duk abin da ya taɓa kaza daga la'asar zuwa asuba zai iya fitowa a ɓawon gobe.

Ɓawo siriri mai fashewa a hannu, ko ƙwai mai fata kawai: ƙarancin kalsiyam, ko bitamin D3 ga kajin da ba sa ganin rana, ko zafi, ko cuta. Ƙwai mai ɗamara a tsakiya, kamar an ɗaura masa zare: ya tsage ne a cikin mahaifa kazar ta ɗinke shi, kuma firgita ke jawo haka, kyanwa ko ɓera da dare, yara masu kora, ko cunkoso. Mai gefe ɗaya a shafe: ƙwai biyu ne suka haɗu a mahaifa suka matse juna. Mai farar ƙura kamar alli a kan ɓawo: ta riƙe shi ya wuce lokaci don ba ta sami gurbi ba. Mai ƙuraje kamar yashi a kai ɗaya: tsufa, ko kalsiyam ya yi yawa, ko cuta. Yamutsattse mai tamoji: ki fasa a faranti. In farin ya tsaya da kauri kewaye da gwaiduwa, tsufa ne ko firgita. In ya malale kamar ruwa alhali ƙwan na yau ne, ki zargi cutar numfashi.

Sagara a makonninta na farko takan yi ɗan mitsitsin ƙwai marar gwaiduwa, ko ƙato mai gwaiduwa biyu, ko mai ɗan jini a ɓawo. Ki ba ta wata ɗaya, jikinta zai daidaita. Ƙwai ɗaya marar kyau cikin ɗari ba abin tayar da hankali ba ne.

Ƙwan da siffarsa ce kawai ta karkace ana ci. Wanda ya tsage ko marar ɓawo a dafa shi da kyau a ranar, in ya ɓaci da kashi a zubar. Kada ki sa wa kaza ko ɗaya daga cikinsu a kwanci.

MATAKI NA 5: GYARA KWANON ABINCI

Nan ne tushen yawancin matsalar. Gashi kusan dukkansa furotin ne, ɓawon ƙwai ɗaya kuma yana ɗauke da kalsiyam kimanin gram 2. Kaza mai ƙwai kullum tana buƙatar kusan gram 4 a rana, don ba duk abin da ta ci jiki ke ɗauka ba. In ba ta samu ba, daga ƙashinta take cira, shi ya sa za ki ga leya, wato kazar da ake kiwo don ƙwai, mai ƙwazo ta gurfana ta kasa tashi. Dusa da ragowar tuwo suna riƙe kazar gida mai yawo, wadda ke yin ƙwai goma sha a jere ta huta. Ba sa riƙe kajin zamani irin su ISA Brown, ko Noiler, ko ShikaBrown ta cibiyar Shika da ke Zariya, in an kulle su ana jiran ƙwai kullum.

Leya tana cin gram 110 zuwa 120 a rana, na abinci mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi buhun abincin leyas a cakuɗa shi da dusa rabi da rabi don ya yi auki. An raba kalsiyam ɗin biyu ke nan, bayan mako biyu ɓawo zai nuna. Abincin buroila da na tsaki ma ba nasu ba ne, kalsiyam ɗinsa kusan kashi 1 ne kawai.

In za ki haɗa da kanki, ga na kilo 10, wanda zai kai kaji goma kwana 8 zuwa 9:

Masara ɓarzajjiya, kilo 5
Waken suya soyayye, kilo 1 da rabi
Dusar alkama, kilo 1 da rabi
Ƙulin gyaɗa marar yaji da gishiri, gram 800
Laimiston, gram 850
Garin ƙashi, gram 270
Gishiri, gram 30
Firimiks na leyas (garin bitamin da ma'adanai), gram 25
Metiyonin (garin sinadarin furotin), gram 20

Ki fara cuɗa ƙananan nan uku na ƙarshe da dusa kofi biyu, sannan ki juye cikin sauran. In kika watsa su kai tsaye, wata kazar za ta cinye gishirin, wata ta rasa. Waken suya sai an soya shi har ya yi ƙamshi ya daina gafi, ɗanye yana hana narkewar abinci. In kin je kasuwar Tudun Hatsi ko kin aika, a shinshina masarar a tauna: mai warin funfuna ko ɗaci a bar ta ko da araha ce, domin gubar funfuna tana taɓa hanta, ɓawo ya lalace. Ƙulin da ya sha damshin damina ma haka. Ƙulin angurya kuwa, duk da sauƙin samunsa a ƙasar auduga irin tamu, a bar wa shanu, yana dusashe launin gwaiduwa.

Laimiston shi ne irin dutsen da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti, amma na kaji ɗanye ne da aka farfasa kawai. Siminti ko farar ƙasar fenti ba sa maye gurbinsa, suna ƙona baki da hanji. Ki nemi mai tsakuwa-tsakuwa kamar ƙwayar dawa ki zuba a kwano na daban su ɗiba da kansu, musamman da la'asar. Mai gari yana wucewa da wuri, mai tsakuwa yana kwana a ƙundu yana narkewa a hankali daidai lokacin da ake gina ɓawo. Kwanon daban yana da wani amfanin: zakara da 'yan tsaki ba za su ci abin da ya fi ƙarfin ƙodarsu ba.

In babu laimiston, ki roƙi mai shayin unguwa ya riƙa tara miki ɓawon ƙwai. A wanke, a shanya, a gasa a kasko har ya bushe ƙayau, a daka ya zama ƙanana. Kada ki ba su rabin ɓawo da siffarsa, za su koyi fasa ƙwai. Ƙashin da aka ƙona ya yi fari aka daka shi ma yana yi. Don furotin, gara, fara, garin ƙananan busassun kifi da ganyen zogale duk suna taimakawa, musamman ga masu sauyin gashi. Ki rataya damin ganye daidai tsayin kansu, ya ɗauke musu hankali daga jelar juna.

MATAKI NA 6: ZAFI, RUWA DA WURI

Daga Maris zuwa Mayu zafin Gombe yakan kai digiri 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma hakin yana fitar da iskar da jikinta ke buƙata wajen haɗa ɓawo. Ga shi cin abinci ya ragu. Shi ya sa ko da abinci mai kyau ɓawon bazara ke yin siriri. Ki ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, ki bar tsakar rana ga ruwa. Ki shimfiɗa zana ko karan dawa a kan rufin kwano. Ruwan ya zama na randa mai sanyi, a inuwa, a sauya sau uku. Kaza tana shan kusan rubu'in lita a rana, a bazara ta ninka. Za ki iya sa bitamin C a ruwa, ki kuma ƙara bekin soda gram 20 a haɗin kilo 10, ki mayar da gishirin gram 20. In ruwan rijiyarku yana da zartsi, ki nemo musu wani.

Kada kaji su wuce huɗu ko biyar a faɗin mita ɗaya tsawo da faɗi. Gurbi ɗaya ga kaji huɗu zuwa biyar, a wuri mai duhu-duhu, da ɓuntun shinkafa a ciki. Kwanon ci ya zama biyu ko fiye, don mai rauni ta sami wuri. In kina kunna musu fitilar sola don cika awa 16 na haske, ki tsayar da lokaci ɗaya. Yau a kunna gobe a manta ya fi rashin fitilar illa.

MATAKI NA 7: IN CUTA CE

Alamarta ita ce abin ya zo farat ɗaya ya game garke: ƙwai ya faɗi cikin kwana biyu ko uku, jan ɓawo ya koma fari, ga tari ko minshari da dare. Uku ne suka fi yin haka. Niyukasil, wadda masu kiwo ke kira farin kashi, ta fi ɓarna da hunturu, tana zuwa da zawo, murɗewar wuya da mutuwa. Mashaƙon kaji, IB a bakin likitoci, shi ne mai yamutsa ɓawo ya tsinka farin ƙwai. EDS kuma, cutar raguwar ƙwai, kajin suna nan garau suna ci, sai dai ƙwai marar ɓawo da safe. Dukkansu kafso ba ya kashe su. Ki keɓe marasa lafiya, ki kira likitan dabbobi. Magungunan salfa da ake ba kaji barkatai su kansu suna sirantar da ɓawo.

In kaji suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi shuɗi, ki tuna murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006. Kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.

Rigakafin Niyukasil ana yinsa ga masu lafiya kawai, duk bayan wata uku, kuma a tabbata an yi ɗaya a Oktoba kafin iska ta juya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin rigakafin Niyukasil irin su LaSota da I-2. I-2 ta fi jure zafi, ɗigo ɗaya ake sawa a ido, ita ta fi dacewa da kajin gida. LaSota a ƙanƙara ake ɗauko ta, a hana kajin ruwa awa ɗaya zuwa biyu, a haɗa da ruwan da ba na famfo mai kulorin ba, su shanye cikin awa biyu. Duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta ta yi mako biyu a keɓe kafin ta shiga cikin naki.

MATAKI NA 8: JIRA, KI SAKE ƘIRGAWA

In kalsiyam ne ko zafi, ɓawo kan gyaru cikin mako ɗaya zuwa biyu. Bayan cuta yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, wasu kajin kuma da mashaƙo ya taɓa mahaifarsu ba sa komawa daidai. Leyar da ta wuce shekara ɗaya da rabi ƙwanta girma yake ƙarawa amma ɓawon bai ƙaru ba, don haka dole ya yi siriri.

Don gano wadda ke ɓata ƙwai, ki riƙa kulle su ɗaya-ɗaya a kwando kwana biyu da ruwa da abinci. Don sanin wadda ta daina gaba ɗaya, ki laluba ƙasusuwa biyu da ke gefen dubura: in yatsa biyu ko uku sun shiga tsakaninsu tana ƙwai, in ɗaya ne da ƙyar ta tsaya. Wadda ta tsaya kuma ba sauyin gashi take ba, ba kwanci ba, ta kai wata biyu a haka, ki fitar da ita. In an ba ta magani, a bari kwanakin da likita ya faɗa su cika kafin a yanka ko a sayar.